Dogon suma ne ko raunin tsoka bayan cire taimus?

Likitoci da ma'aikatan jinya, ku taimaka mini da wannan matsalar da ta cije.

Mai ciwon mayasteniya ne, wanda garkuwar jikinsa ke kai hari kan wurin da saƙon jijiya ke shiga tsoka. An cire masa taimus, ƙullutun nan da ke bayan ƙashin ƙirji inda ƙwayoyin garkuwa na T ke koyon bambance jiki da baƙo, saboda ƙari ya fito a ciki. Kwana 2 bayan tiyata numfashinsa ya yi rauni, aka sa masa bututu da injin numfashi, aka tsayar da maganin barci, amma bai amsa kira ba.

A nan ma'aunin Glasgow, wanda ake auna zurfin suma da shi, ya gaza. Buɗe ido maki 4 ne, magana 5, motsi 6, kuma 8 zuwa ƙasa ake ɗauka dogon suma. To fatar idonsa ta faɗi, bututu ya hana magana, hannu ba ƙarfi. Ƙananan makin na iya zama na tsoka, ƙwaƙwalwa kuwa a farke. Wannan ne ke tayar mini da hankali, kada a riƙa magana a kansa alhali yana ji.

Sukarin jininsa daidai ne, iskar kabon da ta taru ta sauka, ɗan ido na tsukewa da haske.

Me ya kamata a fara: gwajin igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa, ko hoton kai? Kuma awa nawa ake jira maganin barci ya fita kafin a yarda da makin?