Man shafawar da nake haɗawa yana rabuwa: in sayi injin rota-sitato?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina haɗa man shafawa na kaɗanya, kilo 100 a kowane zubi, da inji mai farfela. Bayan 'yan makonni sai man ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa, har 'yan sari sun fara dawo min da kaya, abin kuwa yana ci min tuwo a ƙwarya. An ce in nemi injin kaɗa mai da ruwa da ake kira rota-sitato, irin na kamfanin Silverson ko IKA, amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Zai raba ni da matsalar?

Wani injiniya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Farfela gauraya kawai take yi. Shi kuwa wannan, rotarsa, wato ɓangarensa mai juyi, tana juyawa kusan sau 3,000 a minti a cikin wani kejin ƙarfe mai hujoji da ba ya motsi, wato sitato, tana zuƙo haɗin daga ƙasa ta feso shi ta hujojin. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma a wannan matsi ne ɗigon mai yake farfashewa ya yi ƙanƙanta har ya daina tasowa da wuri. Sai dai idan haɗi ya yi kauri, abin da ke kusa da kan injin kaɗai yake motsawa, na gefe ya tsaya cik, zafi kuma ya yi ta ƙaruwa. Shi ya sa masana'antu suke haɗa shi da muciya mai juyawa a hankali wadda take kankare jikin tukunya.

Wata mai sana'ar: Yaya, kafin ki kashe kuɗi ki duba sinadarin da ke riƙe mai da ruwa, domin idan bai isa ba, babu injin da zai cece ki. Ni nakan ɗumama ɓangaren mai da na ruwa daban-daban zuwa digiri 70 ko 75 na ma'aunin Salshiyas, in haɗa su in kaɗa su 'yan mintuna tun da zafinsu, sannan in koma juyi a hankali har ya huce. Kan injin ya nutse sosai, in ba haka ba zai cusa iska, kuma kada a kunna shi a bushe.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malam injiniya, wutar gida za ta ɗauke shi?

Injiniyan: Na masana'anta galibi wuta mai layi uku (three-phase) yake so, Hajiya. Ki nemi na ƙarfen 316L, wato wani nau'in ƙarfe marar tsatsa, kuma ki sa a gwada da haɗinki kafin ki biya.