Abin da aka fi nanatawa game da aikin jarida a zamanin intanet

Mun daɗe muna tattauna batun, kuma kusan kowa ya yarda cewa ɗan jarida ya daina zama na farkon jin labari. A Janairun 2009, da jirgin sama ya sauka a kogin Hudson na Amurka, hoton da ya zagaye duniya wani fasinjan jirgin ruwa ne ya ɗauka da wayarsa ya sa a Twitter. Don haka shawarar da ta fi nauyi ita ce a bar tseren riga kowa, a koma kan tantancewa.

A kan tantancewar aka fi daɗewa ana tattaunawa. Hoto ya shigo hannunka, kar ka yi gaggawa: saka shi a Google Lens ko TinEye, manhajojin binciken asalin hoto, ka ga ko tsoho ne aka sake yi masa riga. Duba lambar mota, rubutun allon shago, har inuwa da ke cikin hoton, don gane wuri da lokacin da aka ɗauke shi. Sannan nemi wanda ya fara ɗorawa, ka kira shi. Saƙon WhatsApp da aka yi ta turawa kuwa, a yi hattara da shi: ko a 2019 kamfanin da kansa sai da ya taƙaita tura shi zuwa wurare 5 a lokaci guda.

An taɓo kanun labari mai jan hankali alhali cikinsa fanko ne. Ni dai a ganina, ranar wanka ba a ɓoye cibi, mai karatu zai gane.

Kuskure kuma, a gyara shi a fili, a rubuta abin da aka canza da lokacin da aka canza.