Me za mu kira "sadiƙul mahkama" da Hausa?

Jama'a, a taimaka mini da kalma ɗaya. Lauyoyi suna cewa amicus curiae da Latinanci, a nan Sudan kuma Larabawa suna cewa sadiƙul mahkama. Ana nufin mutum ko ƙungiyar da ba ita ta kai ƙara ba, ba ita aka kai ƙara ba, amma alƙalai suka yarje mata ta rubuto abin da ta sani game da shari'ar. Ta wannan ƙofa ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da na muhalli suke yawan leƙawa kotunan duniya.

Abin da ke fara zuwa baki shi ne "abokin kotu", ni kuwa bai kwanta mini ba. Je ka Mai Wurno ka ce wa dattijo wane abokin kotu ne. Abin da zai ji shi ne mutumin yana da hanya wurin alƙali, ana ɗan gaisawa bayan la'asar. "Aminin kotu" ma ya fi muni.

Sannan waɗannan abokai kowa da inda ya karkata. A kotun manyan laifuka ta duniya da ke birnin Lahai (Hague), ƙa'ida ta 103 ce ta ba da wannan dama. A 2009 ƙungiyar ƙwadago ta Sudan ta nemi a saurare ta ta wannan hanya, kuma adawa take yi da kama Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin. Da Jodan ta ƙi kama shi lokacin taron ƙasashen Larabawa a Maris 2017, alƙalan ɗaukaka ƙara sun saurari Tarayyar Afirka da Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa da malaman shari'a, kowa ya ja nasa, kafin su yanke a Mayu 2019 cewa Jodan ta saɓa wajibinta. Ina abota a nan?

Wani malaminmu daga Gadarif ya rubuto: "Ɗana, ai muhuti ke nan." Allah ya gafarta Malam, muhutin da muka sani a kotun alƙali ɗan gida ne, a gefen alƙali yake zama. Wannan kuwa baƙo ne, sai ya yi sallama an amsa.

Wata yayarmu da ta karanta shari'a a Khartum ta kawo "mai ba kotu shawara". Yaya, maganarki tana kan hanya, sai dai za ta ci karo da shawarar da kotu da kanta ke bayarwa. Kotun Duniya, mai shari'a tsakanin ƙasashe, ta ba da irin wannan a kan sauyin yanayi ranar 23 ga Yuli 2025. Ɗaliban shari'a na tsibiran Fasifik ne suka taso da maganar a 2019, ƙasar Vanuatu ta ɗauka, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa tambayar a Maris 2023. Ita wannan kotun ba ta saka takardar ƙungiya mai zaman kanta cikin fayil ɗin shari'a. Ajiye ta ake yi a wani wuri cikin Fadar Zaman Lafiya, mazaunin kotun, ƙasar da take so ta je ta karanta. Shi ya sa ƙungiyoyin suka bi ta hannun gwamnatoci. Wannan aikin na waje muna da sunansa tuntuni, fafutuka, kada mu haɗa su.

Ga nawa: mai sa baki. Jam'i, masu sa baki. Abin da ya rubuto kuma takardar sa baki. Bahaushe ya san bambancin sa baki da tsoma baki: na farko ana maraba da shi, na biyu katsalandan ne. Kuma wanda ya sa baki ba a ɗora masa cewa ba ya da ra'ayi.

An ce mini sa baki yana da ƙanshin sulhu. Gaskiya ne, don haka a karon farko cikin rubutu a cika shi: mai sa baki da izinin kotu. Misali, "Kotu ta karɓi takardun sa baki daga ƙungiyoyin muhalli."

Ƙasar da ta nemi a sa ta cikin ƙarar da wasu ƙasashe ke yi, a bar mata "shiga shari'a". 'Yan'uwa na Kassala da Damazin, ku gwada faɗar kalmar "mai sa baki" a majalisa, ku gaya mana yadda aka ji ta.