Tambaya: wace irin tsutsa ce wannan, kuma me ya sa maganin kemis bai kashe ta ba?

Abu Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana game da ɗana mai shekara 11. Kusan wata biyu ke nan mahaifiyarsa tana tsintar wasu fararen abubuwa a wandonsa idan ta zo wanki, masu faɗi kamar an gutsuttsura taliyar hannu, tsawon kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Ranar Juma'ar da ta gabata na ga ɗaya da idona a kan tabarma bayan yaron ya tashi, yana miƙewa yana takurewa. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ba mu albendazole ƙwaya ɗaya, bayan mako uku muka maimaita, amma abin bai daina fita ba. Yaron ba ya zazzaɓi kuma yana cin abinci, sai dai yakan ce cikinsa na murɗawa, ga kunya ta sa ya fara ƙin zuwa Islamiyya. Kakarsa ta ce tsila ce. Shin haka ne, kuma ina mafita?

Malamin Gwaje-gwaje:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaro lafiya. Bisa siffar da ka bayar, hasashen Hajiya ya fi kusa da gaskiya, domin tsutsotsin da ake gani da ido kowace da kamanninta. Macijin ciki zagayayye ne kamar tana, yakan kai santimita 15 zuwa 35, kuma ɗungurungum yake fita a bayan gida ko a amai. Akwai wata 'yar siririya kamar zare, wadda tsawonta kusan santimita ɗaya ne, ita ce ke hana yara barci da ƙaiƙayin dubura cikin dare. Amma abu mai faɗi, fari, da ke rarrafowa da kansa ba tare da an je bayan gida ba, wannan halin tsilar da ake ɗauka daga naman shanu ne. Abin da kuke gani ba tsutsar ba ce gaba ɗayanta, gaɓoɓinta ne da suka cika da ƙwai suke ɓallewa daga wutsiya, ita kuwa uwar tana can maƙale da bangon hanji, kuma tsawonta kan kai mita biyar ko fiye.

Idan wata gaɓar ta sake fita, kada a taɓa ta da hannu. A ɗauke ta da tsinke ko cokalin roba, a saka a kwalba mai tsabta da ɗan ruwa don kada ta bushe, a kai ɗakin gwaje-gwaje tare da samfurin bayan gida. Dalilin da ya sa nake nanata kawo gaɓar shi ne, a madubin gwaji ƙwan tsilar shanu da na tsilar alade kamanninsu ɗaya ne, sai da gaɓar muke iya rarrabewa ta hanyar ƙirga rassan mahaifar da ke cikinta. Kuma sau da yawa mutum na ɗauke da tsila amma gwajin bayan gida na farko ya fito babu komai, har a ce masa lafiyarsa ƙalau.

Likitar Yara:
Malam Abu Sadiƙ, ba laifin ƙwayar da kuka saya ba ne, an dai ba ta aikin da ba nata ba. Albendazole miligiram 400 sau ɗaya yana maganin macijin ciki sosai, shi ya sa ake raba shi ga yara a makarantu, amma ƙwaya ɗaya ba ta isa ta kawar da tsila. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne praziquantel, sau ɗaya, miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, saboda haka dole a ɗora yaron a sikeli kafin a rubuta. Ina jan hankali a nan domin wannan maganin shi ne kuma ake bayarwa ga mai tsargiya, amma a can miligiram 40 ne ga kowane kilo, don haka kada a ari lissafin wani. Yana da ɗaci, a sha da abinci ba tare da an tauna ba, kuma yakan sa jiri ko tashin zuciya na ɗan lokaci.

Akwai tambayar da likita zai yi maka, kada ka ji ta baƙuwa: ko yaron ya taɓa farfaɗiya ko ciwon kai mai tsanani da ya daɗe. Ƙwan tsilar alade kan shiga jikin mutum ta gurɓataccen abinci ko ruwa, ko da bai taɓa cin naman ba, ya yi ƙululu a ƙwaƙwalwa, kuma a irin wannan hali praziquantel na iya tayar da ciwon. Bayan an sha magani, a ci gaba da duba wandonsa har wata uku, domin muddin kan tsutsar bai saki hanji ba, za ta sake tofo gaɓoɓi.

Baffan Hanifa:
Ni aikin duba nama na yi a mayanka kafin na yi ritaya. Muna tsaga naman muƙamuƙi da zuciya da harshen saniya, domin a nan aka fi ganin ƙululun da ke ɗauke da ɗan tsilar, fari, kamar ƙwayar shinkafa a cikin tsoka. Saniya na ɗaukar ƙwan ne idan ta yi kiwo inda mutane ke bahaya a fili. Naman da aka dafa ya nuna ba ya da haɗari, matsalar tana ga tsire ko balangun da aka sauke cikin gaggawa, wajensa ya ƙone cikinsa da sauran ja. Ɗan'uwa, ka tambayi sauran mutanen gidan a asirce, domin manya sukan ɓoye irin wannan.

Abu Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya mun kai gaɓa biyu a kwalba, an tabbatar tsilar shanu ce. Nauyinsa kilo 30, likita ta rubuta masa rabin ƙwayar praziquantel mai miligiram 600, wato miligiram 300, ya sha da tuwon dare. Da na bi shawarar Baffa na tambaya, sai ƙanena da ke zaune tare da mu, wanda shi ne ke sayo wa yaran tsire, ya ce shi ma tun bayan Babbar Sallah yake gani. Gobe da safe zan raka shi asibitin.