Ruwan wanke fim baƙi da fari a gida: abin da muka gani a Kaduna

Ɗalibi daga Malali:
Assalamu alaikum. Wata shida ke nan ina wanke fim a gida da maganin D-76, amma duk sa'ad da dodon hoton ya bushe sai in tarar da fararen tabo kamar sawun ɗigon ruwa a gefen da yake sheƙi, har sun ɓata mini hotunan sunan ɗan yayata. Da ruwan rijiyar burtsatse nake aiki. Shin laifin ruwan ne, ko na hannuna?

Baba mai hoto, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Ruwan ne, kuma za ka iya tabbatarwa da kanka: ɗiga shi a kan gilashi mai tsabta ka ajiye a rana, idan ya bushe ya bar farin zobe, to wannan zoben ne yake zama a fim ɗinka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko sinadarin kalsiyam, wani kuma har da ƙarfe, wanda yake sa gindin bokiti ya yi ja. A shekarun da na yi ina wannan sana'a ban ga ruwan da ake sha ya hana D-76 aiki ba, ɗaurayar ƙarshe ce take tona asiri. Ka yi ta da tataccen ruwa, wato distil irin wanda ake zuba wa batir, ka sa Photo-Flo, maganin da yake hana ɗigon ruwa tsayawa a jikin fim, kashi 1 cikin 200, kada ka ƙara, domin yawansa ma tabo yake bari. Hotunan sunan kuwa ba su lalace ba, ka sake jiƙa su ka ɗauraye.

Hajiya daga Barnawa:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ni da damina nake shan wahala, lokacin da Kogin Kaduna ya yi ja, ruwan famfo ma yakan zo da laka. Na taɓa ɗaga fim a haske na ga ƙwayoyin yashi sun manne a jikinsa, ba su kuwa fita ba. Yanzu ina zuba ruwan a randa ya kwana, in kwashi na sama in tace da farin ƙyalle, kuma ba na sa alif, saboda yana da tsami, maganin wanki kuwa ba ya jituwa da tsami. Wajen ɗauraya ina bin hanyar Ilford, kamfanin yin fim: a cika tankin wanke fim da ruwa a juya sau 5 a zubar, sannan sau 10, sannan sau 20, ga ta da tattalin ruwa.

Malami daga Kawo:
Hajiya, randar nan tana da wani amfanin. A watan Afrilu ruwan tankin saman rufi yakan yi zafi ƙwarai, alhali digiri 20 ake so, kuma na taɓa fitar da fim daga magani mai sanyi na sakar masa wannan ruwan, fuskarsa ta tattare kamar fatar ƙadangare. Mai sayen ruwan batir kuma ya tabbatar tatacce ne zalla, ba mai asid ba.

Ɗalibi daga Malali:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Na yi gwajin gilashin, zoben ya fito fari fat. Na sake ɗauraye fim ɗin sunan da tataccen ruwa, yanzu haka yana rataye a banɗaki, na rufe taga saboda ƙura.