Ajiye aiki da kora a gwamnatin jiha: ina bambancin yake?

Mai tambaya, daga Alaba Rago:

Assalamu alaikum. Ƙanena ya yi shekara tara yana aiki da gwamnatin jihar Legas, yanzu kuma ya ƙudurta barin aikin, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota zuwa sakatariyar gwamnati da ke Alausa da kuɗin haya suke lashe albashinsa kafin tsakiyar wata. Wani abokinsa ya ce masa ya daina zuwa kawai, wai tafiya tafiya ce. Don Allah masu sani su fayyace mana: wanda ya ajiye aiki da kansa da wanda aka kora, matsayinsu ɗaya ne?

Tsohon ma'aikaci, daga Agege:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ɗaya ba ne ko kusa, kuma shawarar abokin nan tana iya cutar da shi. Wanda ya ɗauke ƙafa ba tare da izini ba, takardar tuhuma za a ba shi, in bai kare kansa ba a kore shi, kuma korarre da wuya wata ma'aikatar gwamnati ta sake ɗaukarsa. Ya rubuta takardar ajiye aiki, ya ba da sanarwar wata guda ko ya biya albashin wata a madadinta, ya miƙa kayan ofis, ya karɓi amsa a rubuce ya adana. Kuɗin da ke asusun fanshonsa nasa ne. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Ya je hukumar fansho ta jiha, LASPEC, ya daidaita takardunsa tun kafin ya tafi.

Ma'aikaciyar jinya, daga Idi-Araba:

Baba ya faɗi gaskiya, amma ni kalmar "da kansa" ce take damuna. A takarda za a rubuta cewa mutum ya tafi bisa raɗin kansa, alhali matsi ne ya fitar da shi. Gwamna Sanwo-Olu ya kai mafi ƙarancin albashi naira 85,000 a 2024, sama da 70,000 na tarayya, amma duk mai biyan haya a Legas ya san inda kuɗin suke ƙarewa. Abokan aikina da suka tafi Ingila da Saudiyya ba malalata ba ne, su ne waɗanda muke koyon aiki a hannunsu, kuma duk wadda ta tafi sai aikinta ya dawo kan mu da muka rage, har wata ma ta gaji ta bi sahu.

Malamin makaranta, daga Mile 12:

Hajiya, abin da kika faɗa shi ne ya fi ba ni tsoro. Lokacin da gwamnatin Fashola a nan Legas ta kori likitoci 788 masu yajin aiki a 2012, ƙasa ta ɗauka har aka mayar da su, haka ma aka yi ta muhawara da Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 a 2017. Amma ƙwararrun da suke zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda yake zama da su ya tambayi dalilin tafiyarsu. Malam, ka ce wa ƙanenka ya rubuta dalilinsa ƙarara a cikin takardar.