Don Allah ina zan samu akanta mai amana a Kaduna?

Assalamu alaikum jama'a. Wata matsala ce ta sha mini kai.

Ina da ɗan shagon atamfa a Kasuwar Barci, ma'aikata biyu, kuma na yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Yanzu wata makaranta za ta ba ni kwangilar yadin yunifom, amma sun ce sai na kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3. Ni kuwa duk lissafina yana cikin littafi mai bangon kwali, wani shafin ma shayi ya zube a kai. Kuɗin shago da na cefane asusu ɗaya suke shiga, laifina ne, na sani.

Bara na ba wani mutum aikin lissafin, ya karɓi kuɗi da rasitaina, har yau wayarsa a kashe.

Wa ya san akanta mai shaidar ICAN ko ANAN (ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci), wanda ke da ofis, ya kuma saba da KADIRS, hukumar tara haraji ta jihar Kaduna? Kusa da Tudun Wada zai fi mini. Nawa suke caji, a wata ko a shekara? Kuma harajin shagon daban yake da nawa, ko haɗe ake yi? Ina so in kammala kafin 31 ga Maris.

Allah Ya saka da alheri.